Liƙin da Na Yi wa Mai Buta

Tun da na dawo daga Ingila ban huta ba. Duk wadda ta zo yi min sannu da zuwa, kafin ta tambayi lafiyar mai jego da jariri sai ta zaro waya ta nuna min bidiyo, ta ce wai da gaske ni ce. Ni ce. A Islamiyyarmu ma har malama sai da ta tsayar da karatu ta ce in ba su labari. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura zancen yana ƙara kitse a bakin mutane, don jiya wata ta rantse min an ce mutumin ya yi min alkawarin minista. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga tushe.

Haihuwa ce ta kai ni. 'Yata Nafisa tana karatun digiri na uku a Manchester, ita da mijinta Auwalu, kuma wannan ce haihuwarta ta fari. Ni kuwa tun da na ajiye aikin koyarwa ba abin da ya ɗaure ni a gida, sai na haɗa kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da kanwa da gero, na ƙara da kilishi da turaren wuta, na kama hanya. Daga Kano muka tashi, muka canja jirgi a Alkahira.

Tun kafin in taso Nafisa ta yi ta ja min kunne a waya, wai idan an tambaye ni abin da ya kawo ni kada in ce raino, in ce ziyara, don a wurinsu raino aiki ne, kuma bizata ba ta aiki ba ce. Duk tsawon tafiyar ina juya wannan magana a raina. Kaka ta goya jikanta a ce aiki take? Da muka sauka, wadda ta karɓi fasfona yarinya ce da ɗankwalinta baƙi, na saki jiki na yi mata sallama, ta amsa, amma hakan bai rage komai daga tambayoyinta ba. Na ce ziyara. Ta buga hatimi. A wurin binciken kaya ne aka yi min ta'asa: kilishin nan gaba ɗaya suka ɗauke, wai ba a shiga musu da nama. Mai binciken ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, ya ja da baya, ya tambaye ni ko ci ake yi. Na ce masa ita ce ran miya. Ya ɗaure min abata da hannunsa ya mayar, da alama ya fi son ta yi nisa da shi.

Unguwarsu Nafisa sunanta Longsight. Gidaje ne jere a manne da juna kamar haƙora, ba zaure ba tsakar gida, kana buɗe ƙofa ka faɗa falo. Matakalar benen kuwa sai ka karkace kake hawa. A safiyar farko na ce bari in kori ƙarnin gida, na sa garwashi na zuba turaren wuta. Ban kai ga ajiye kaskon ba wani abu mai jin hayaƙi a saman ɗaki ya fasa ƙara kamar ana yanka shi. Auwalu ya fito a guje da tawul yana yi masa fifita, jariri ya tsandare, maƙwabcinsu wani tsohon Bature ya zo yana buga ƙofa. Daga ranar a bakin tagar kicin nake turarena, ina ɗari-ɗari kamar mai shan taba a ɓoye.

Wankan jego ma sai da aka yi sulhu. Ba itace, ba tukunya, ba ganyen darbejiya, ga ungozomar asibiti da take zuwa gida ta ce kada a kuskura a sa mata tafasasshen ruwa. Muka tsaya a tsakiya: ruwa mai zafi daidai, kunun kanwa kuwa ba wanda ya isa ya hana ni. Ragon suna ta waya aka saye shi a wurin wani mahauci a titin Stockport, ya iso a yanke cikin leda. Har yau ban san ko fari ne ko baƙi ba.

A falon nan na fara ganin Mai Buta. Ni na sa masa sunan, don nasa na gaskiya harshena ya ƙi shi. Wata ranar Asabar na ji Auwalu, mutumin da ko tari ba ya yi da ƙarfi a gabana, yana ta ƙyaƙyata dariya. Na leƙo na ga wani dogon Bature a talabijin, da kwat da lakataye, yana rungume da wata ƙatuwar butar shayi, yana jawabi mutane na tafi. Auwalu ya ce min ɗan barkwanci ne, kuma takarar shugaban ƙasa yake yi. Na ce ai na koyar da tarihi, ƙasar nan sarki gare su da firaminista, ina suka samo shugaban ƙasa? Ya ce ai nan dariyar take. Kujerar babu ita, amma yawon neman ƙuri'ar na gaske ne: gari-gari yake bi, yana taro, yana karɓar gudummawa a butar nan, kuma duk wata dabara da manyan 'yan siyasa suke yi su karɓi kuɗin masu kuɗi ba tare da doka ta kama su ba, shi ma sai ya yi ta a fili a gaban kowa.

Abin ya ɗaure min kai ta wani wajen. A wurinmu ɗan takara ne yake zuwa da taliya da sabulu da atamfa. Su kuma a can mutane ne suke ba ɗan takara. Ina cikin wannan lissafi sai mutumin ya juya ya kira lauyarsa, wata yarinya ta fito da mayafi ruwan toka da tabarau, ba ta ko murmushi. Na matsa kusa da talabijin. Goshin mahaifiyarmu ne sak.

Ummi ce, 'yar ƙanena Sanusi. Shi Sanusi ya fi shekara talatin a Birmingham yana da kantin magani, a can ya haifi 'ya'yansa, kuma wannan sunan Innarmu ya sa mata. Rabona da ita tun tana 'yar sakandare. Nafisa ta rage murya ta ce min Kawu ya daina yi mata magana tun da ta bar ofishin lauyoyin da take aiki ta koma wannan shiri.

Da Sanusi ya zo suna bai zo da ita ba. Bayan an watse ya same ni a kicin ya rufe ƙofa. Ya ce a masallacinsu har an fara yi masa shaguɓe, ana tambayarsa yaushe za a rantsar da su. Ya ce ya yi wahala ya kai ta makarantar lauya, ba don ta tsaya bayan wawa tana riƙe masa buta ba. Ya yi faɗa, uwarta ta yi kuka, ba abin da ya canja.

"Yaya, ke ce a madadin Inna," in ji shi. "In kika ce ta bari, za ta bari. In kuma ta ƙi, to ni na cire hannuna."

Na san Sanusi tun yana tsumma. In ya ce ya cire hannu, ya cire. Na ce masa zan zo, amma ba zan yanke hukunci a kan abin da ban gani da idona ba.

Da Nafisa ta yi ƙwari na hau motar Birmingham ni kaɗai, duk da Auwalu ya so ya raka ni. Motar doguwa ce, har da banɗaki a ciki, kuma ba kwandasta ba mai talla ba mai wa'azi. Kowa ya toshe kunne. Wadda muka zauna tare wata tsohuwa ce, asalin iyayenta daga Jamaika, a ƙirjinta ta maƙala wani ɗan bajo mai hoton buta. Na nuna shi na ce na san wannan. Shi ke nan hira ta ɓarke, ko da yake rabin Turancinta wucewa yake ta saman kaina, nawa ma na ga tana cewa in maimaita. Taron take zuwa ita ma. Na tambaye ta me zai sa mace mai shekarunta ta biya kuɗin mota don kallon wasa. Ta ce a unguwarsu akwai wani ɗakin taro da tsofaffi suke haɗuwa su sha shayi, aka rushe shi aka gina gidajen haya masu tsada, daga baya suka ji cewa mai ginin yana cikin masu ba jam'iyya gudummawa. Sun rubuta ƙorafi, an amsa musu cewa ba a karya doka ba. Ta ce to shi wannan mutumin yana nuna musu yadda ake yi ba a karya dokar ba, kuma gara ta yi dariya a kai da ta mutu da baƙin ciki. Ta ba ni biskit, na ba ta goro. Ta gutsura ta yamutsa fuska, amma ta haɗiye don kara.

Ummi ce ta tare ni a tasha, don na riga na kira ta. Ta rungume ni sannan ta tuna ta ɗan rusuna. Hausarta ta ji jiki. Tana ji sarai, amma in za ta mayar sai ta fara da Hausa ta ƙare da Turanci. Ta kai ni wani shagon 'yan Pakistan muka ci shinkafa mai yaji da naman rago, abinci na farko a ƙasar da ya sa ni gumi. Ta san abin da ya kawo ni, ba ta ɓoye ba. Ta ce a tsohon aikinta abin da take yi kullum shi ne nuna wa kamfanoni ta inda za su bi da kuɗinsu zuwa ga 'yan siyasa ba tare da sun taka doka ba. Yanzu ma shi take yi, bambancin kawai yanzu a gaban jama'a take faɗa. Ta ce ba za ta roƙe ni komai ba, in zo in gani. Na tambaye ta ko tana kewar babanta. Ta cire tabarau ta goge, ta ce abincin da yaji.

Da la'asar aka yi taron, a wani babban ɗaki mai kujeru hawa-hawa, da na'urorin ɗaukar hoto ko'ina. Ta zaunar da ni a layin gaba. Mai Buta ya fito da kiɗa da tutoci kamar ɗan takarar gaske, ya yi alkawarin cewa in ya hau mulki ba zai manta da kowa ba, gwargwadon abin da kowa ya bayar. Sannan aka shigo da teburin cin abinci. Ya ce yau liyafa yake yi: wanda ya biya da yawa zai zauna kusa da shi ya raɗa masa abin da yake so a kunne, wanda ya biya kaɗan zai zauna a ƙarshen tebur ya ɗaga masa hannu, sauran jama'a kuma an yarda su shaƙi ƙamshi kyauta, don shi mutum ne mai kishin talaka. Kowane mataki sai ya juya ya tambayi Ummi ko ya halatta, ita kuma ta amsa da fuskar nan tata a ɗaure, ta faɗi sharaɗin. Yawanci amsar ita ce e. Duk sanda ta ce e sai ɗakin ya fashe da dariya, amma na lura dariyar tana da ɗaci a ƙarshenta.

Ni dai 'yan kama ya tuna min, waɗanda muke gani muna yara, su naɗa rawani su zauna kamar malamai suna jan baƙi, alhali duk karatun a kan tuwo da miya ne. Kowa ya san ba malamai suke zagi ba, kwaɗayi suke tona wa asiri. Ban san sanda na saki jiki ba. Na yi dariya har da hawaye. Kuma ku kun san tarbiyyarmu: mai wasa ya burge ka, ba ka barinsa haka. Da aka sa kiɗa ya fara zagayawa da buta yana rawa, sai kawai na ji ni a tsaye. Na buɗe jaka, akwai ragowar sababbin naira da na taho da su, na taka matakala biyu na hau, na manna masa ɗaya a goshi, na ƙara masa wata.

Kiɗan ya tsaya. Wani ƙato mai baƙar riga ya taso, Mai Buta ya ɗaga masa hannu ya koma. Takardar ta zame daga goshinsa ya cafe, ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Ya tambaya ko ina da rajistar zaɓe a ƙasarsu, na ce ziyara na zo. Sai ya dafe ƙirji kamar wanda aka harba, ya ce kuɗin ƙasar waje, a gaban kyamara, an gama da shi. Ya ƙwala wa lauyarsa kira.

A lokacin ne hankalina ya dawo jikina. Na tuna yarinyar filin jirgi da tambayoyinta, na tuna bizata, na tuna Nafisa da karatunta. Ummi ta fito, ta dube ni, na ga tabarau ɗinta yana motsi don dariyar da take dannewa. Ta matso ta riƙe hannuna, ta manta da abin magana a wuyanta, ta ce da Hausa, duk ɗakin yana ji:

"Gwaggo, ki haƙuri. Ba laifi kika yi ba. Tsaya nan kusa da ni."

Mai Buta ya ce me ta ce, ta gaya masa ni yayar babanta ce. Ɗakin ya ɗauki tafi. Sannan ta koma lauya. Ta ce abin da na bayar bai kai ko kuɗin kofin shayi ba, kuma ƙaramin abu irin wannan doka ba ta ma kiransa gudummawa. Ya ce to in da mai yawa ne fa? Ta ce da sai ya mayar min, don ba a karɓa daga baƙo. Ya ce to in gwaggon nan ta buɗe kamfani a garin nan, kamfanin ya ɗan taɓa ciniki, sannan kamfanin ya ba shi? Ummi ta ce wannan kuma ana iya karɓa. Ya juyo gare ni da murna ya ce, Hajiya, da hannunki haramun ne, da kamfaninki halal, me kike sayarwa? Ni kuma tsoro ya sake ni, bakin malamar makaranta ya dawo, na ce daddawa. Ya ce mece ce daddawa. Na ce ya tambayi ma'aikatan filin jirginsu. Bai gane ba, amma 'yan Najeriyar da ke can baya suka yi ta ihu.

Kafin in sauka ya tambaye ni da gaske, ba da wasa ba, me ya sa na manna masa kuɗi a goshi. Na ce a wurinmu haka ake yi, a gaban kowa, don kowa ya ga wanda ya bayar da abin da ya bayar. Ya ce to wannan dokar ta fi tasu.

Kada ku ɗauka na yarda da shi. Na so in ce masa namu na goshi na makaɗa ne, na 'yan siyasa a buhu yake tafiya, amma an riga an sa kiɗa.

A gidan Sanusi na sauka. Gida ne mai kyau da ɗan lambu a baya, matarsa Hajiya Bilki ta yi min tuwon shinkafa da miyar taushe da alayyafon gwangwani. Ya tambaye ni ko na yi mata maganar, na ce sai na huta. Gaskiya ban san me zan ce masa ba. Na ga abin da yarinyar take yi, kuma ban ga abin kunya a ciki ba, amma na san in na faɗa masa haka kai tsaye zai ce an saye ni da tafi.

Ba a bar ni na zaɓi lokaci ba. Kafin a nuna shirin, wani daga cikin 'yan kallo ya riga ya saki guntun bidiyon, kuma washegari da hantsi muna karyawa wayar Sanusi ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Mutanen masallacin nan ne dai. Ya buɗe ya kalla, ni ina zaune a gabansa da kofin shayi, na rasa inda zan sa idona. Ya kalla har ƙarshe. Ya mayar farko. A karo na uku na lura ba wurin liƙin yake tsayawa ba, wurin da ta riƙe hannuna yake komawa.

Na ce masa, "Sanusi, ka aike ni in hana ta, ga shi ni ma na hau dandamalin. In za ka cire hannu, sai ka cire da mu biyu. Amma ni ban ga wawa ba jiya. Na ga yarinya tana faɗin gaskiya da ilimin da ka biya mata, kuma da na ji tsoro ita ta riƙe ni."

Hajiya Bilki ta tashi ta shiga kicin ta bar ƙofa a buɗe. Can ya ajiye wayar ya ce, wai "ki haƙuri". Shekara nawa yana gaya wa yarinyar nan ana cewa "ki yi haƙuri", ga shi ta je ta faɗa a gaban duniya. Na ce to ai sai ka gyara mata.

Sannan ya ɗauki wayar ya fita lambu, ya ja ƙofar gilas, ya kira ta. Ba na jin abin da yake cewa, ina dai ganinsa yana kai da kawowa, yana ɗaga yatsa kamar mai koyar da ɗalibi. Daga baya ya daina ɗaga yatsan, ya zauna a kan wani benci, ya fi sauraro da magana.

Ban ce muku sun shirya tas ba. Har na baro ƙasar yana nan a kan cewa aikin ba na mutunci ba ne, ita kuma tana nan a kan aikinta, Mai Buta yana ta yawonsa na neman kujerar da babu. Amma ranar da zan koma Manchester, da Sanusi ya kai jakata mota, na tarar da Ummi zaune a gaba tana cin ƙosan uwarta a takarda. Shi ya tuƙa, ita ta riƙa nuna masa hanya, suna musu a kan wace kwana ta fi kusa, ni ina baya ina jin su abina har Longsight.